Karen gadina ya ciji yaron gona: mulki yake nema ko tsoro yake ji?

Filin Likitan Dabbobi

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ina da gonar kaji a wajen Kano, kan hanyar Zariya. Bayan ɓarayi sun shiga mini sau biyu a damina ɗaya, sai na sayi kare alseshan, namiji, lokacin yana da wata tara, yanzu ya shekara biyu. Da rana yana ɗaure da sarƙa a gindin darbejiya kusa da ɗakin da muke ajiye abincin kaji, da dare a sake shi. Tun bara ya fara yi wa yaran gona gurnani in sun zo wucewa. Na kira wani mai horar da karnuka, ya ce kare ne mai son mulki, ya ɗauki kansa shi ne maigida, dole a nuna masa wane ne babba. Ya koya mana mu riƙa kayar da shi ƙasa mu danne wuyansa har ya yi laushi, in ya yi gurnani kuma a zuba masa bulala. Gurnani ya ɗauke, muka ce an yi nasara. Sati biyu da suka wuce wani yaro ya sunkuya zai ɗauki kwanon ruwansa, ba haushi ba gurnani, sai cizo a hannu. Ya saki, ya ja baya, ya ɓuya bayan bishiya jikinsa na rawa. Mai horon ya ce dukan ne bai isa ba. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. In ƙara matsa masa ne, ko in rabu da shi?

Daga mai gonar kaji, Kano

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, bari in fara da yaron da aka ciza, Allah ya ba shi lafiya. Cizon kare a ƙasarmu ba abin wasa ba ne saboda ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun fito a jikin mutum da wuya a tashi. Abin da ake yi nan take shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar. Tunda sati biyu ke nan karen yana nan lafiyarsa lau, hankali zai iya kwanciya, domin karen da cutar ta riga ta kai yawunsa ba ya wuce kwana goma bai nuna alama ko ya mutu ba. Amma in ba a kai yaron asibiti ba, a kai shi a duba ciwon, a yi masa allurar tetanas. Shi kuma karen a tabbatar yana samun riga-kafin hauka duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin wannan allura, ana kuma samun ta a asibitocin dabbobi.

Sai tambayarka. Kada ka ƙara masa ko bulala ɗaya. Zuciyarka da ta ƙi kwanciya ta fi mai horon nan gaskiya. Dubi abin da ka rubuto da hannunka: ya ciza, ya saki, ya ja baya, ya ɓuya yana karkarwa. Mai jin shi ne babba ba ya hukunta na ƙasa da shi sannan ya gudu ya ɓuya. Tsoro ne ya cika wa karen nan ciki.

Kullum ina gaya wa masu kawo mini karnuka su daina tsayawa kan haƙora, domin haƙoran mai tsoro da na mai ji da kansa duk farare ne. Sauran jikin za a duba. Kare mai tsoro nauyinsa baya yake komawa kamar mai shirin gudu. Kunnuwa su kwanta su manne da kai, wutsiya ta sauka ko ta shige tsakanin ƙafafu, ya ja leɓe har can baya ka ga haƙora duka har turame. Yakan kawar da kai amma idonsa na kanka, har ka hango farin idon. Sai ka ga yana hamma alhali ba barci yake ji ba, yana lasar hanci ba abinci a gabansa. Haushinsa da sauri-sauri, muryar a sama, ya yi gaba taku biyu ya koma uku. Cizonsa fizga ce, ya kai ya saki. Sau da yawa ma sai mutum ya juya zai tafi sannan ya samu ƙarfin halin kai wa ƙwauri.

Mai ji da kansa kuwa tsayawa yake ƙyam, nauyi a kan ƙafafun gaba, kunnuwa a miƙe suna kallon gaba, wutsiya a sama a sandare. Yana kallonka ido cikin ido, leɓensa ya tattaro gaba, fiƙoƙi da haƙoran gaba kaɗai kake gani. Gurnaninsa ƙasa-ƙasa ne, ba ya yawan ɓata haushi, kuma in ya gama abin da zai yi nan yake tsayawa. A nan zan ja kunnen masu karatu kan abu biyu da suke yaudarar mutane: kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce, tashin hankali ma yana sa ta, haka nan miƙewar gashin baya ana ganin ta a wajen mai tsoro da marar tsoro baki ɗaya.

Akwai wani wuri da ko masu horo suke ruɗewa. Karen da ya daɗe cikin tsoro yakan gane cewa duk lokacin da ya zabura, mutane suna ja baya su ba shi fili. Yau da gobe sai ya daina jira, ya riƙa fara kai farmaki, kunnuwansa ma su miƙe. Wanda ya gan shi a ranar sai ya rantse jarumi ne. Shi ya sa nake tambayar tarihi kafin komai: yaya yake yana ƙarami, me ke tayar masa da hankali, me yake yi bayan ya ciza. Naka ka saye shi yana da wata tara. Wasu masana biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekaru suna nazarin 'yan kwikwiyo a garin Bar Harbor, suka fitar da sakamakon a 1965, inda suka nuna cewa tsakanin sati uku zuwa sati goma sha biyu da haihuwa ne kwikwiyo yake sabawa da mutane da duniya. Wanda ya yi waɗannan makonni a kulle, ba ya ganin kowa sai mai zuba masa abinci, yakan tashi da fargabar baƙi. Da yawa daga cikin manyan karnukan da ake kawo mini, in na bi diddigi, a keji suka tashi wajen mai sayarwa.

Ita wannan magana ta "nuna masa wane ne babba" ba mai horonka ne ya ƙirƙiro ta ba, gado ya yi, kuma tana da asali. A 1947 wani masani ɗan Suwizalan, Rudolf Schenkel, ya wallafa abin da ya gani wajen kyarketai da aka tara a gidan zu na birnin Basel. Dabbobin ba dangin juna ba ne, an kwaso su daga wurare daban-daban an haɗa a shinge ɗaya, ba hanyar fita, don haka suka yi ta faɗa har ɗaya ya danne saura. Wani Ba'amurke, David Mech, ya yaɗa wannan fahimta a littafinsa na 1970, masu horar da karnuka suka ɗauka suka ce ai kare jikan kyarkeci ne, dole mutum ya zama shugaban garke da ƙarfi. Daga baya Mech ɗin nan ya shafe shekaru yana zuwa tsibirin Ellesmere a can arewacin Kanada yana kallon kyarketai a dajinsu, sai a 1999 ya rubuta cewa garken daji iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu, iyaye ne suke gaba saboda su suka haifa, ba don sun ci dambe ba. Har roƙon masu buga tsohon littafin ya yi su daina buga shi. Kwatankwacin abin da ya faru shi ne a je gidan yari a kalli zaman fursunoni, a fito a ce haka magidanci yake zama da iyalinsa. A 2008 ƙungiyar likitocin dabbobi masu nazarin halayyar dabba ta Amurka ta fitar da matsaya tana gargaɗi kan horon da aka gina a kan wannan tunani.

An kuma auna sakamakonsa. A 2009 Meghan Herron da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania sun tambayi masu karnuka 140 irin hanyoyin da suka bi da abin da ya biyo baya. Cikin waɗanda suka doki kare ko suka shure shi, kashi 43 cikin ɗari karen ya mayar da martani da faɗa. Cikin waɗanda suka kayar da shi suka juya shi rigingine suka danne, irin abin da aka koya muku, kashi 31 cikin ɗari.

Amma abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne inda ka ce gurnani ya ɗauke kuka yi murna. Malam, gurnani gargaɗi ne. Wata likitar dabbobi a Ingila, Kendal Shepherd, ta zana yadda kare yake hawa kamar tsani kafin ya kai ga cizo: hamma da lasar hanci, kawar da kai, juya jiki, ƙoƙarin barin wurin, maƙurewa, sandarewa, gurnani, kai hari a iska, sannan cizo. Duk matakalar da ya taka yana cewa ne "ku ba ni wuri". In ba a ji ta ƙasa ba ya hau ta sama. Da kuka riƙa dukansa kan gurnani, abin da ya koya shi ne gurnani na jawo bulala, sai ya tsallake wannan matakala. Tsoron yana nan, ya ma ƙaru. Kasa takan yi huci kafin ta sara, ku kun hana ta huci ne, dafin bai je ko'ina ba.

Sannan ka lura da abin da yaron ya yi a ranar. Sunkuyawa ya yi a kansa ya miƙa hannu. Watanni ke nan duk lokacin da mutum ya sunkuyo kansa da hannu a miƙe, abin da ke biyowa shi ne a kayar da shi a shaƙe masa wuya. Yaron kwanon ruwa ya je ɗauka, amma karen ba shi da hanyar sanin haka.

Ga kuma sarƙa. Dabbar da ta tsorata zaɓi biyu gare ta, gudu ko faɗa, sarƙa kuwa ta ɗauke gudun, tura ta kai bango. Wani bincike da aka yi a birnin Denver na Amurka, aka wallafa a 1994, ya gano cewa karnukan da ake ɗaurewa a tsakar gida sun ninka sauran kusan sau uku wajen yiwuwar cizo. Naka kuma a bakin ɗakin abinci yake, inda ake kai-komo da buhuna da baro tun safe har yamma. Ka zauna da yaran gonar cikin lumana ka tambaye su ko akwai mai jifansa ko tsokanarsa da sanda in ba ka nan. Ba zargi nake yi ba. Yaranmu da yawa sun tashi da tsoron kare, dutse ne abin da hannunsu ya saba kaiwa, kuma na sha ganin inda maigida bai san ana yi ba. Addininmu ya yarda a riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, amma wanda ya riƙe ya ɗauki amana. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ta hana ta abinci sananne ne a wurinmu duka.

Mataki na farko, likita ya duba shi, domin ciwo ma yana sa cizo. Alseshan an san su da matsalar gaɓar ƙugu, kuma danne kare mai ciwon ƙugu azaba ce. A duba kunne, haƙora, fata da kaska. Na tuna wani ƙaton kare irin na Afirka ta Kudu da ake kira bobel, aka kawo mini shi ana cewa ya zama mugu, duk wanda ya taɓa kansa sai ya kai masa hari. Da muka sa masa allurar barci muka leƙa kunnen, ya kumbura ya cika da ruwa yana wari. Sati uku ana magani, ya koma yana miƙo kai a shafa. In kana da hali, Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana kan hanyarka.

Bayan haka a raba shi da gindin darbejiyar nan. A yi masa shinge mai faɗi a wurin da babu yawan wucewa, da inuwa da wurin da zai shige ya kwanta ba mai damunsa. A ajiye kwanon ruwa da na abinci inda za a iya cirewa daga waje. Mutum ɗaya, wanda ya fi yarda da shi, shi zai riƙa kula da shi, kuma kayarwa da dannewa da bulala sun ƙare daga yau.

Aikin gyaran yana son haƙuri. Yaro ɗaya ya tsaya daga nesa, inda karen yana ganinsa amma jikinsa bai sandare ba, in taku ashirin ne to ashirin ɗin. Ya tsaya a kaikaice, ba kallon ido, ba magana, ba miƙa hannu. Mai kula da shi ya ba shi ɗan guntun nama ko dafaffiyar hanta, abin da ba ya samu a wani lokaci. Yaron ya tafi, nama ya tsaya. Ya dawo, nama ya dawo. Minti biyar ya isa, sau biyu a rana. Ranar da ka ga yana ganin yaron sai ya waiwayo wajen mai nama da jiki a sake, a rage taku ɗaya ko biyu. Daga baya yaron da kansa ya riƙa jefa naman daga inda yake. In ya yi gurnani an yi gaggawa ne, a koma baya, kada a tsawata masa, gurnanin nan muna son ya dawo. Lissafin makonni ne zuwa watanni. A gefe guda a koya masa zama, zuwa in an kira, da komawa wurinsa, duk da ladan abinci. A kuma saba masa da takunkumi irin mai kama da kwando, ana sa nama a ciki yana cusa baki da kansa har ya saba. Kada a yi amfani da mai matse baki na dogon lokaci, domin da haki kare yake fitar da zafi, a ranar Kano kuwa hana shi haki na iya kashe shi. Ƙananan yara kada su kusance shi ko kaɗan.

Na san za ka ce kada ya yi laushi ya daina gadi. Kare mai tsoro ba mai gadin kirki ba ne: yaron gona yake cizo, ranar da ɓarawo ya zo da sanda kuma zai iya ɓuya, tunda an riga an koya masa tsoron sanda. Masu aikin karnuka na 'yan sanda da soja mai natsuwa suke zaɓa, wanda ƙara ba ta razana shi, ya kama in an umarce shi ya saki in an umarce shi, kuma yawancin horon masu shinshino ƙwaya da bam ana yin sa ne da ƙwallo a matsayin lada. A Holan an yi nazari kan alseshan masu horon gadi, aka wallafa a 2004, aka ga waɗanda aka hora da abin wuya mai jan lantarki suna nuna alamun fargaba a gaban mai horar da su ko a wajen filin horo. Gonarka haushi take buƙata da zai tashi mai gadi da maƙwabta, wannan kuwa ba zai rasa shi ba.

Batun rabuwa: ban ga dalilinta yanzu ba, cizo ɗaya ne ya saki. Amma in ya fara cizo mai zurfi, ko ya ciza sau da yawa a karo ɗaya, ko akwai ƙananan yara a gonar da ba za a iya raba su da shi ba, ko babu mai lokacin wannan aiki, to ka zauna da likita ku yanke shawara. Kada ka sayar wa wani ka ɓoye masa cewa ya taɓa cizo, kada kuma a kai shi bayan gari a sake.

Tambaya

Likita, ni mafarauci ne. Ina da karnuka biyu maza, babban ya kai shekara bakwai, ƙaramin shekara biyu. Da suna zaune lafiya, yanzu in sun kama zomo ko an zuba abinci sai faɗa har jini. Mu kuma ba sa taɓa mu.

Daga wani mafarauci, Gumel

Amsa

Ɗan'uwa, a wajenka ne maganar fifiko take da wurin zama. Tsakanin kare da kare take, kan wani abu da duka biyun suke so: nama, wurin kwanciya, karya mai neman barbara. Ƙaramin ya kai ƙarfi, domin tsakanin shekara ɗaya zuwa uku ne kare yake cika hali, babban kuma ya fara sanyi. Karen bana shi ke maganin zomon bana, amma tsohon bai yarda ya sauka ba tukuna. Ka lura da wanda yake kawar da kai ya bar wa ɗan'uwansa hanya in sun haɗu a ƙofa. In ɗaya ya fara yin haka, kada ka tilasta a daidaita su, tausayin tsoho yakan tsawaita faɗan.

Ka raba musu wurin ci, kowa da kwanonsa, ba sa ganin juna, ka kwashe kwanukan in sun gama. A daji ka hanzarta isa wurin kamun, ka kira su ka ba kowa guntun nama daga jakarka ka ɗauke zomon. Wannan ai shi ne horon da Suratul Ma'ida aya ta 4 ta yi nuni da shi, kuma malamai suka ce horarren kare shi ne wanda yake tafiya in an tura shi, ya tsaya in an tsayar da shi. A duba lafiyar tsohon, haƙora da gaɓoɓi. Fiɗiya takan rage faɗa tsakanin maza, ka tattauna da likita kan wanda ya dace a yi wa.

In faɗa ya kaure kada ka sa hannu kusa da bakinsu, ko karenka na shekara goma ne zai cije ka bai sani ba. Ka watsa musu ruwa, ko ka cusa faifan katako tsakaninsu, ko ku biyu kowa ya kama ƙafafun baya na ɗaya ya ɗaga ya ja da baya. Ka raba su ɗaki daban har jikinsu ya huce, sannan ka bi fatar kowa da hannu ka nemi huda, musamman wuya da hammata, domin ramin fiƙa ƙarami ne daga waje amma yana tara ruwa a ciki bayan kwana biyu ko uku.